Tikitin Minti Goma Sha Biyar

Shekara talatin da ɗaya ya yi a tsaye a bakin ƙofar mota yana karɓar takarda daga hannun mutane, har sunansa na gaskiya ya ɓace a tashar. Kawo-mu-gani ake ce masa. Direbobi haka suke kiransa, masu dako haka, kai har matarsa in ya ishe ta haka take ce masa, kuma ya amsa. Sunan bai taɓa yi masa zafi ba, don shi a wurinsa yabo ne.

Aikinsa duba tikiti ne, ba sayarwa ba. Mai sayarwa yana can cikin ɗaki a bayan taga da fanka a kansa, shi kuwa yana rana, da jan biro a bayan kunne da rigar ma'aikata mai aljihu biyu wadda wanki ya sa ta koɗe. Tashar ba wata babba ba ce, motocinta garuruwan kusa suke zuwa, mafi nisa a cikinsu awa huɗu. Amma in ka ga yadda yake karɓar tikitin tafiyar awa guda, sai ka rantse takardar gida aka miƙa masa. Zai ɗaga ta ya haska a rana, ya murza hatimin da babban yatsa ya ga ko tawada za ta biyo shi, ya duba kwanan wata, ya duba lambar kujera, sannan ya ɗago ya dubi fuskarka, kuma wannan duban na ƙarshe shi ya fi ciwo. In ta yi, sai ya ja mata jan layi ya yage kusurwa. In ba ta yi ba, kalma biyu ce kawai: "Koma gefe."

Ba ya ƙarawa a kan haka. Ka yi rantsuwa, ka yi kuka, ka tara shaidu, ba zai taɓa gaya maka inda ya kama ka ba. Sababbin ma'aikata in suka tambaye shi dalili sai ya ce, "To in na nuna masa inda ya yi kuskure, ai na koya masa sana'a ke nan. Gobe da wadda ta fi wannan kyau zai dawo." Wannan ce dokarsa, kuma a faɗi gaskiya ta yi masa aiki. An kawo masa hatimin da aka sassaƙa da gindin silifa. An kawo masa tikitin jiya da aka bi da dutsen guga don ya yi sabo. Duk ya kama. Yakan ce lissafi ne ke tona su: takardar gaskiya lambobinta suna gaisawa da juna, ta ƙarya kuwa sai ka ga wata lamba ta juya wa 'yar'uwarta baya.

Abin haushin shi ne ba ya barin halin nan a tasha in an tashi. Katin gayyata ma sai ya juya bayansa. Maganin ciwon kai ba zai sha ba sai ya sa tabarau ya karanta kwanan watan da ke jikin kwali. Ranar da ungozoma ta leƙo ta ce masa an samu namiji, wallahi mutanen da ke wurin sun ce abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne a kawo ya gani. Matarsa, wadda yaran dangi duk suke ce wa Inna, ta daɗe da sallamawa. Takan ce, "Ni dai na gode Allah da ba a buga mini hatimi a goshi ba, da tuni ka murje mini fata."

Mutum ɗaya ne a duniya ba ya duba maganarsa, ita ce Auta, ƙanwarsa. Shekara goma sha huɗu ya ba ta, kuma shi ya raine ta bayan iyayensu sun rasu. Shi ya koya mata ɗaura igiyar takalmi, shi ya riƙe hannunta ranar da aka fara kai ta makaranta, tana ta tirjewa. In Auta ta ce masa an yi ruwa a bayan gari, ba ya leƙa waje ya ga gajimare.

To ɗan Auta ne kuma ya zo ya faɗa hannunsa. Dogo ake ce wa yaron, lokacin yana da shekara goma sha bakwai. Wata safiya ya miƙo tikiti yana murmushi irin na ɗan gida, Kawo-mu-gani ya haska a rana, sai ga uku ta kwanan wata ta zama takwas, an rufe mata ciki da biro mai kama da na tasha. Layi ya kai mutum ashirin, da 'yan makarantar su Dogo a ciki, da 'yan mata. Wani kawun da sai ya ja yaron bayan mota ya murɗe masa kunne a rufe maganar. Shi kuwa ko ƙiftawa bai yi ba, ya ce, "Koma gefe." Dogo ya tsaya a gefe har motar ta cika ta tashi, abokansa suna leƙensa ta taga.

Shekara biyu Auta ba ta taka ƙofar gidansa ba. Daga baya an shirya, irin shirin nan da ba a tayar da maganar, a gaisa a ci abinci a rabu. Dogo ya girma, ya yi karatu, ya samu aiki a wani birni mai nisa a ƙetaren iyaka, kuma da mijin Auta ya rasu sai ya zo ya ɗauke uwarsa. Shekara biyar ke nan. Kawo-mu-gani bai taɓa zuwa ba. Yanzu ya aje aiki, yana da lokaci har ya yi masa yawa, amma kullum sai ya ce baɗi. Auta ce take kiransa duk ƙarshen mako, ta tambayi ƙafarsa, ta tambayi ko har yanzu yana shan shayi ba sukari. Tsakaninsa da Dogo kuwa daga "Ina wuni, Kawu" sai "Lafiya lau", shi ke nan.

Ranar wata Talata da la'asar waya ta yi ƙara, kuma ba ranar kira ba ce. Muryar Auta ce, amma ta yi siriri har sai da ya toshe ɗaya kunnen.

"Yaya," ta ce, "ka zo in gan ka."

Tunda take ba ta taɓa ce masa ya zo ba. Kafin ya haɗa magana Dogo ya karɓi wayar. Ya ce kwanansu tara a asibiti, ita ta hana a faɗa, kuma likita ya kira shi gefe ya ce duk wanda ake so ya gan ta, to a kira shi yanzu.

"Na sayo maka tikitin jirgi, Kawu. Jibi Alhamis da safe. Sau biyu kawai yake tashi a mako daga filinku, in aka rasa na Alhamis sai Litinin. Zan turo maka a waya, ka kai a buga maka a takarda. Ni zan tare ka da kaina."

Da safiyar Laraba ya tafi shagon da ke kan kwana, inda ake ɗaukar hoto ana kwafin takardu. Mai shagon ya buga masa, amma tawadar injin ta kusa ƙarewa, ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar duk suka fito a dusashe. Ya naɗe ta, ya dawo gida, ya zauna a kan bencinsa na ƙofar ɗaki, ya sa tabarau. Ba don yana zargin komai ba, Allah ya sani. Hannu ne ya saba, ya kai bayan kunne ya ɗauko jan biro.

Suna daidai. Rana daidai. Lambar kujera ga ta nan. Sai ya zo kan lokaci. Tashi ƙarfe tara da kwata na safe. Sauka ƙarfe tara da rabi na safe.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Tara da kwata. Tara da rabi.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Ya sauko da yatsa kan layin dawowa. Tashi daga can ƙarfe sha ɗaya, sauka a nan ƙarfe ɗaya da kwata. Wato zuwa minti goma sha biyar, dawowa awa biyu da kwata. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, kamfani ɗaya. Shin gangara ce a zuwa, hawa a dawowa? Ko kuwa birnin ne yake matsowa ranar Alhamis ya koma wurinsa daga baya? Ya ji wani abu ya tsaya masa a ƙirji, irin abin da yakan ji a bakin mota daf da zai ce wa mutum ya koma gefe, sai dai wannan karon babu daɗin kamun a ciki ko kaɗan.

Bai ce wa kowa komai ba. Ya sa takalmi ya tsallaka wurin maƙwabcinsa, wani tsohon direban babbar mota da ya taɓa kai kaya har can. Ya tambaye shi nisan hanya kamar mai hira. Tsohon direban ya ce kilomita ɗari takwas da saba'in, awa goma sha huɗu in mota lafiyayya ce kuma ba a ɓata lokaci a iyaka ba. Daga nan ya koma wurin mai shago ya ce ya duba masa a waya, in ta sama aka bi a miƙe, nawa ne tsakanin filin jirginsu da na can. Mai shagon ya latsa ya latsa ya ce ɗari shida da arba'in.

"Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya lau. Tambaya ce kawai."

Kilomita ɗari shida da arba'in a minti goma sha biyar! Shi bai taɓa shiga jirgi ba, amma ba makaho ba ne. Filin jirgin garinsu ɗan ƙarami ne, yana can bayan masana'antar siminti, kuma jirgin da ke sauka a cikinsa ya san shi sarai, ɗan mai fanka biyu ne da yake wucewa ta saman gidansu yana nishi, har ka ƙirga tagoginsa kafin ya ɓace. Wannan ne zai cinye tafiyar wuni guda kafin ruwan shayi ya tafasa? A gaya wa wani.

Da azahar ya kira Dogo. Ya tambayi jikin Auta, aka ce tana barci, an ƙara mata ruwa. Sannan ya gyara murya, ya jefa tambayar a hankali kamar ba ta dame shi ba.

"Wai tafiyar nan a jirgi, tsawon wane lokaci ce?"

"Awa guda da kwata ce, Kawu. Kafin ka gaji da zama kun sauka."

"Awa guda da kwata."

"E. Akwai matsala ne?"

"Babu," in ji shi. Ya kashe wayar.

To ga lamba ta uku ta fito. Takarda ta ce minti goma sha biyar, takardar nan dai ta sake cewa awa biyu da kwata, mai takarda kuma ya ce awa guda da kwata. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa ganin tikitin gaskiya da baki uku ba. Ga kuma ƙananan rubutun nan da suka dusashe. Ya manta shaf da cewa a gabansa injin mai shago ya yi tari ya fitar da su haka, sai ya lissafa su cikin shaidu.

Inna tana tsakar gida tana ninke masa kaya a jaka, ta ga yadda yake juya takardar, ta san an zo wurin.

"Me kuma ka gano?"

Ya nuna mata da bakin biro. Ta sunkuya ta duba. Ita ma ba ta taɓa ƙetare iyaka ba, kuma lissafin bai shiga kanta ba. Ta ce wataƙila kuskuren rubutu ne, ai su ma mutane ne.

"Kuskure sau biyu a takarda ɗaya? Zuwa kuskure, dawowa kuskure?"

"To ka kira yaron nan mana ka tambaye shi ƙarara! Ka ce Dogo, ga abin da na gani, mene ne wannan? Bakinka ciwo yake?"

"In nuna masa inda na kama shi?"

"Kama wa? Haba malam! Uwarsa tana kwance rai a hannun Allah, shi ne zai zauna yana sassaƙa maka tikiti? Shekararsa talatin da shida fa, har da furfura a gemu."

"Wanda ya mayar da uku takwas yana da sha bakwai," in ji shi, "ba a san me zai mayar da tara ba yana da talatin da shida."

Ta jefa rigar da ke hannunta cikin jaka. Ta ce to in ba zai tambayi Dogo ba, ga filin jirgi can, mota ɗaya ce za ta kai shi, ya je ya nuna wa masu aikin su faɗa masa. Ya ce zai duba. Bai je ba, kuma dalilin ba wani abu ba ne illa tsoro. Tsoro ne tsagwaronsa, ko da yake da za a sa masa wuƙa a wuya ba zai amsa ba. Yana rufe ido sai ya ga kansa a layi da jakarsa, ga mutane masu sheƙi a gaba da baya, ga wata ma'aikaciya ta karɓi takardar ta ɗaga, ta dubi fuskarsa, ta ce masa ya koma gefe. Shi! Da tsufansa, da sunansa.

Ya yini yana juya abin. Ko dai wani ɗan damfara ne ya cuci Dogo ya sayar masa da takardar banza, ko kuwa, kuma nan zuciyarsa ta fi karkata, Dogo ne ya jira shekara goma sha tara ya samu ranarsa. A tsayar da kawu a gefe kamar yadda ya tsayar da shi, sannan a koma wa uwa a ce, "Umma, na aika masa tikiti, shi ne bai zo ba." Ciwon Auta kam bai yi shakkarsa ba, ya ji muryar da kunnensa. Shi ya sa ma abin ya fi ci masa rai. In ya dogara da takardar nan ta ci amanarsa, ya rasa jirgi, ya rasa motar ranar, sai Juma'a da dare zai isa, in ma ya isa a kan lokaci.

Kafin la'asar ya yanke shawara. Ya tafi babbar tasha, inda motocin nesa suke tashi, ya sayi tikitin motar ƙarfe shida na safiyar Alhamis. Ya haska shi a rana, ya murza hatimin. Ya yi.

"Kai yanzu," in ji Inna, "jirgin da zai kai ka kafin rana ta yi zafi za ka bari, ka shiga motar da sai bayan magariba? An ce maka kwanaki suka rage mata, ba makonni ba."

"Awa goma sha huɗun da na san akwai su sun fi mini minti goma sha biyar ɗin da babu su. Kuma kada ki kira Dogo. In na isa na sa masa takardarsa a gaba."

"Allah ya sa kada ka yi da-na-sani."

"Amin," ya ce, don shi har ga Allah gani yake hanyar da ta fi tabbas ya zaɓa.

Da sassafe ya kashe wayarsa ya jefa a aljihun jaka, don kada Dogo ya kira ya yi masa daɗin baki. Mai duba tikiti na babbar tashar ko kallon takardar bai yi ba, ya yage kusurwa yana hira da direba. Kawo-mu-gani ya girgiza kai, ya ce a ransa aiki ya lalace. Kujerarsa ta taga ce. Kusa da shi wata mata ce mai jiki, 'yar kasuwa mai sarin yadi, wadda ta gaya masa tun kafin a fita gari cewa duk mako biyu take bin hanyar nan, ta san kowane rami da sunansa. Ta miƙa masa ruwa, ya duba murfin ya ga ba a taɓa buɗewa ba, sannan ya karɓa.

Ƙarfe tara da kwata ya dubi agogonsa. Tara da rabi ya sake dubawa. A tsakanin duban biyu motar ta wuce ƙauye ɗaya da gidan mai ɗaya da garken shanu. Ya yi tsaki, ya gyara zama, ya ji ransa ya ɗan yi sanyi. Sai ya koma tunanin Auta. Zai shiga ɗakin ya ce mata, "Ke, tashi, wa ya ba ki izinin kwanciya?" kamar yadda yakan ce mata tana ƙarama in zazzaɓi ya kama ta. Ya san za ta yi dariya ko da ba ta da ƙarfi.

Ƙarfe biyu saura suka isa iyaka. Aka sauke su, aka bi layi, aka buga musu hatimi a wani ɗaki mai benci biyu. A ofishin da ke ƙetaren gada ya lura agogon bango yana nuna ɗaya da minti biyar, alhali nasa ya ce biyu da minti biyar. Ya ce a ransa ko batir ba za su iya sa wa agogo ba. Aka koma mota. Suna zama sai ya ga matar nan ta kwance agogon hannunta, ta ja ɗan maɓallin, tana murza shi baya.

"Ya lalace ne?"

"A'a, Baba, gyarawa nake. Nan ƙarfe ɗaya ne yanzu."

"Biyu dai."

"Biyu a can gida. Da zarar an haye gadar nan, awa guda ake ja baya. Agogonsu daban, namu daban. Kai ma ka mayar da naka, kada ka riƙa rigan mutane cin abinci." Ta yi dariya.

Ya ƙura mata ido, irin duban nan nasa. Ba ta kawar da kai ba. Ya juya ya tambayi mutumin da ke bayansa ƙarfe nawa, mutumin ya nuna masa waya, ɗaya da kwata. Ya tambayi na gaba, ɗaya da kwata. Ya miƙa wuya ya hango agogon da ke gaban direba, shi ma yaron mota ya riga ya mayar da shi.

"Tun yaushe ake haka?"

"Tun kafin a haife ni," in ji matar. "Kai ba ka taɓa zuwa ba ne?"

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro takardar jirgin, ya shimfiɗa ta a kan gwiwa. Motar tana girgiza, biron yana zamewa. Sauka tara da rabi, in na can ne, to goma da rabi ke nan a agogon gida. Daga tara da kwata zuwa goma da rabi, awa guda da kwata. Ya sauko layin dawowa. Sha ɗaya na can, sha biyu ke nan na gida. Daga sha biyu zuwa ɗaya da kwata, awa guda da kwata. Abin da Dogo ya faɗa masa a waya ke nan, ba ragi ba ƙari. Lambobin nan uku da ya tara a matsayin shaidu, ashe lamba ɗaya ce. Tunda yake bai taɓa riƙe takardar da ta fi wannan gaskiya ba.

Matar ta leƙo ta ga abin da ke hannunsa. "Kai, Baba! Tikitin jirgi ne da kai na yau, ka zo ka zauna da mu a cikin wannan gwangwani?"

Ya jawo jakar daga ƙarƙashin kujera, zif ɗin ya ƙi buɗuwa, sai matar ce ta buɗe masa. Ya kunna wayar. Ta ɗauki lokaci tana neman layi, sannan lambobin fuskarta suka sauya da kansu daga biyu da ashirin zuwa ɗaya da ashirin. Sai saƙonni suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kira goma sha bakwai daga Dogo, shida daga Inna. Ya danna lambar Dogo.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Kawu."

"Dogo, ina hanya. Na shigo mota ne, yanzu muka haye gada. Ka ce mata ga ni nan, ka ce mata..."

"Na sani. Inna ta gaya mini." Muryar a kwance take, babu faɗa a cikinta, kuma da faɗan ne da ya fi masa sauƙi. "Na tsaya a filin jirgi har fasinja na ƙarshe ya fito. Sun ce kujerarka haka ta zo ba kowa. Umma tun da safe ta sa aka juya mata gado ta fuskanci ƙofa. Da na dawo ni kaɗai sai ta ce wataƙila kana can kana duba wa matuƙin takardunsa. Har ta yi dariya."

"To ba ni ita. Sa mata wayar a kunne."

Yana jin ƙarar takalma a wani dogon baranda, da wata mace tana kuka daga nesa.

"Ta rasu, Kawu. Ƙarfe sha biyu da rabi."

Ya yi salati a hankali, ko ya ɗauka ya yi, don matar da ke gefensa ta ce daga baya leɓensa kawai ta ga yana motsi. Ya daɗe da wayar a kunne. Da magana ta fito, ba irin wadda ake yi a wannan lokaci ba ce, kuma shi kansa ya ji kunyarta tun kafin ta gama fita.

"Sha biyu da rabi na wane agogo?"

"Namu, Kawu," in ji Dogo. "Na nan."

Ya sauke wayar a kan takardar. Tara da rabi zuwa sha biyu da rabi. Ya naɗe yatsa ɗaya, ya naɗe na biyu, ya naɗe na uku. Ko an cire awa guda cur ta fita daga fili da cunkoson hanya, da ya samu awa biyu a bakin gadonta tana cikin hayyacinta, tana ma iya dariya. Ya sake ƙirgawa ko zai samu kuskure, bai samu ba. Hawaye suka zubo masa, bai share ba, matar ta janye takardar daga kan gwiwarsa don kada ta jiƙe. Direba ya sa giya, motar ta hau titi, wani daga baya ya tambayi saura nawa a isa, aka ce masa saura kusan awa shida.